Jirgin da ƙafafu ke tuƙawa: sirrin bidiyon Alaska da ke yawo a wayarka

Ƙila ka taɓa cin karo da shi a TikTok: ɗan ƙaramin jirgin sama ya taho a hankali kamar shirwa, ya dira a kan tsakuwar bakin kogi, kafin ka ƙifta ido ya tsaya cak. Wasu su ce haɗi ne. To ba haɗi ba ne. A garin Valdez na jihar Alaska a Amurka, gasa ake yi a watan Mayu ta wanda zai tashi ya sauka a mafi gajeren fili, kuma an samu wanda ya sauka a ƙasa da ƙafa 11.

Ka lura da tayoyin jirgin: manya biyu a gaba, ƙarama ɗaya a ƙarƙashin wutsiya. Wannan tsari yana ɗaga farfela nesa da duwatsu, shi ya sa matuƙan daji ke son sa. Amma fa a nan gizo ke saƙar. Cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin ne. Ka ɗauka kana tuƙa A Daidaita Sahu da baya, kuma a guje. Da wutsiya ta ɗan goce, nauyin zai ƙara ingiza ta, jirgin ya juya kamar katantanwa, fiffike ya daki ƙasa. Ana iya lalata jirgi haka alhali gudunsa bai kai na mashin ba.

Maganin yana ƙafafu. Fedodi biyu ne ke sarrafa faifan wutsiya mai karkata jirgi dama da hagu, kuma matuƙi ba ya daina taɓa su: kaɗan nan, kaɗan can, tun kafin gocewar ta yi nisa. Ko a tafiyar ƙasa ma hancin jirgin na tare masa gani, dole ya riƙa tafiyar maciji yana leƙen gaba ta gefe.

Wajen tashi, yana ƙara wuta a hankali, ya tura sandar tuƙi gaba har wutsiya ta ɗago. A daidai nan, a yawancin jiragen Amurka, juyin farfela kan fizgi hanci zuwa hagu, sai ya danna fedar dama ya riƙe layi.

Sauka kuwa iri biyu ce. Ta farko, tayoyi uku su taɓa ƙasa tare, jirgin na mafi ƙarancin gudu, sanda a janye har ciki don wutsiya ta manne. Ta biyu, manyan tayoyin su fara taɓawa, a ɗan tura sanda gaba kada jirgin ya yi tsalle, sannan a sauke wutsiya sannu a hankali. Da yawa sun fi son wannan idan iska na kaɗawa. A duka biyun, ka take birki da ƙarfi, jirgin ya kifa da hanci.

Shi ya sa hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ba ta barin ko mai lasisi ya tuƙa irinsa sai malami ya horar da shi ya sa masa hannu. Abin mamaki, da irinsa aka koyar da dubban matuƙa a da: Piper J-3 Cub, wanda aka ƙera kusan 20,000 tsakanin 1938 da 1947. Daga baya Cessna 172 ta fito a 1956 da taya a hanci, sauka ta yi sauƙi, makarantu suka koma can.

Don haka in bidiyon ya sake zuwa maka, bar kallon fukafukai. Kalli wutsiya, ka ga yadda faifan nan ke kaɗawa ba hutu har jirgin ya tsaya. Ƙafafun mutum ne ke wannan aikin, kuma daƙiƙa goman da ka kalla, shekaru ya yi yana koyon su.