Kibod Na Tafi-Da-Gidanka: Yadda Waya Ke Komawa Na'urar Rubutu, Da Inda Gizo Ke Saƙar

Wajen shekarar 2011, matashin da ya riƙe BlackBerry a Kano ko Kaduna shi ne ɗan gayu. Abin da ya ja hankalin jama'a a wayar shi ne manhajar hira ta BBM da kuma ƙananan maɓallan da ke jere a ƙasan fuskarta. Kamfanin ya daina ƙera waya da kansa a 2016, ya kuma rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa a Janairun 2022. Tun kafin nan wayoyin shafa sun mamaye kasuwa, rubutu ya koma kan gilashi.

Amma maɓalli bai mutu ba. A Janairun 2024 kamfanin Clicks ya fito da rigar waya mai ɗauke da kibod don iPhone, a kan dala 139, daga baya ya yi wa wasu wayoyin Android. Wannan dai kayan masu hannu da shuni ne. Abin da ya fi dacewa da ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, ko marubuciyar da ke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, shi ne kibod mai zaman kansa da ake haɗawa da waya.

Dalilin a fili yake. Wani bincike da jami'o'in Aalto da Cambridge da ETH Zurich suka fitar a 2019, wanda ya shafi mutum kusan 37,000, ya gano cewa matsakaicin saurin rubutu a fuskar waya kalma 36 ne a minti ɗaya. A kibod na kwamfuta kuwa matsakaicin ya kai kalma 52. Ban da sauri, kibod ɗin da ke cikin waya yana cinye babban kaso na fuskarta. Da zarar an haɗa na waje, sai shafin ya buɗe, marubuci ya riƙa ganin sakin layinsa gaba ɗaya.

Hanyar haɗawa biyu ce. Ta farko Bluetooth: a kunna kibod, a nemo sunansa a saitin waya, a shigar da lambar da ta bayyana idan an buƙata. Logitech K380, alal misali, yana aiki da batir AAA guda biyu, yana kuma riƙe na'urori uku a ƙwaƙwalwarsa. Akwai kuma masu naɗewa da ke shiga aljihun jaka. Hanya ta biyu ita ce mafi araha: ɗan kan OTG, irin wanda ake samu a kasuwannin waya kamar Farm Centre a Kano, a jona shi da tsohon kibod na kwamfuta mai USB. Sai dai wannan daga batirin waya yake shan wuta, kuma yana toshe ramin caji. A wasu wayoyin sai an shiga saiti an kunna OTG kafin ya yi aiki.

A Android, Ctrl da C na kwafe rubutu, Ctrl da V na liƙa shi, Ctrl da Z na dawo da abin da aka goge bisa kuskure. A iPhone maɓallin Command ne ke wannan aiki.

To ina gizo ke saƙar? Wajen haruffa masu lanƙwasa. Kibod ɗin da ke kasuwa don Turanci aka tsara shi, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a jikinsa. A Hausa kuwa lanƙwasa ba ado ba ce: da ita ake bambance fada da faɗa, baki da baƙi, kasa da ƙasa. Wanda ya rubuta shafi ashirin da sauri ba tare da ita ba, ya bar wa mai karatu aikin canka.

Akwai mafita. A saitin kibod na waje a Android, ana iya barin na cikin waya ya ci gaba da bayyana, a sa Gboard na Hausa, a riƙa taɓo harafin idan an zo kansa. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL ma tana aiki da kibod na waje, tana kuma da tsare-tsaren haruffan harsunan Afirka. Dabara ta uku ita ce a riƙa rubuta k' da d' da b', in an gama a sa Google Docs ko Word ta nemo su ta musanya da ƙ da ɗ da ɓ gaba ɗaya.

Saboda haka kafin a biya kuɗi, a gwada kibod ɗin da wayar da za a yi aiki da ita tun a shago, a danna kowane maɓalli, a kuma nemi abin jingina waya don kada wuya ya ƙage. Mai hira da abokai kawai ba ya buƙatarsa. Amma ga mai dogon rubutu da kuɗin laftof ya gagara, wannan ɗan allo zai iya raba shi da layin shagon buga takardu.