Hattara da Tafkunan Kan Duwatsu a Farkon Lokacin Zafi

Ana jawo hankalin 'yan Nijeriya masu zuwa ƙasashen sanyi, musamman ɗalibai, game da wata al'ada ta mutanen can, wato saɓa jaka a baya a yi kwanaki ana tafiyar ƙafa cikin duwatsu. Abin lura shi ne, zafi yakan iso gari tun sanyi bai bar kan dutse ba.

Misali

A gandun daji na Kings Canyon da ke Jihar Kaliforniya ta Amurka, akwai hanyar ƙafa mai tsawon kimanin kilomita 66 wadda ta bi ta gefen tafkunan Rae. Tafkunan suna kan tudu mai tsayin wajen mita 3,200, sa'an nan hanyar ta haura wani mashigin dutse mai suna Glen, mai tsayin mita 3,651. A shekarar da dusar ƙanƙara ta zuba da yawa, kamar 2017 da 2023, takan rufe mashigin har cikin watan Yuli. Dalili kuwa, duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 a ma'aunin santigiret.

Haɗarin ruwa

Mafi munin haɗari shi ne ruwa. Idan dusar ta fara narkewa, ƙoramar da ake tsallakewa da taki biyu sai ta zama kogi mai ƙarfi da tsananin sanyi. A watan Yuli na 2017, wata matafiya ta rasa ranta a kogin Kings cikin wannan gandu. Ruwan yakan ragu da sassafe, ya ƙaru da yamma bayan rana ta narkar da dusar. Haka nan dusa takan rufe ƙorama kamar gada, alhali ruwa ya rarake ƙarƙashinta. Ƙanƙarar da ke bisa tafki ma ba abar takawa ba ce a wannan lokaci.

Haɗarin sanyi da hasken rana

Wanda tufafinsa suka jiƙe, iska kuma ta buge shi, zafin jikinsa yana iya sauka ƙasa da digiri 35. Alamunsa su ne karkarwa, sarƙewar harshe da ruɗewa. Hasken rana da ke dawowa daga farar dusa kuma yana ƙona ido.

Abin da ya kamata a yi

1. A nemi takardar izinin kwana daga ma'aikatan gandun, a tambaye su halin da hanya ke ciki.
2. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma ya sanar da wani ranar komowarsa.
3. A haye ruwa da safe, a wuri mai faɗi, da takalmi a ƙafa da sanda a hannu. A kwance ɗamarar jaka tukuna, domin a iya yar da ita idan an faɗi.
4. A riƙi taswira da kamfas, gama dusa takan shafe hanya.
5. A tanadi rigar ulu, rigar ruwa da baƙin tabarau.
6. Wanda bai koyi tafiya a gangaren ƙanƙara ba, ya dakata sai watan Agusta.

Idan aka tarar ruwa ya wuce gwiwa kuma yana gudu da ƙarfi, sai a juya. Komawa baya ba abin kunya ba ne, dutsen yana nan har baɗi.