Batir Mai Shaƙar Iska Bai Iso Kasuwa Ba

Sau uku ke nan ana turo mini bidiyon nan a WhatsApp: wai Turawa sun gama ƙera batir mai shaƙar iska, caji ɗaya mota ta ci kilomita 800, don haka kowa ya dakata da sayen batirin sola. Har wani maƙwabcina ya fasa sayen nasa, yana kwana cikin duhu da zafi. Haba jama'a!

Batirin da ake magana, wato na litiyam da oksijin, ba tatsuniya ba ne. Tun 1996 wasu masana biyu, Abraham da Jiang, suka gwada shi a Amurka, kuma a lissafin takarda ya ninka na wayarka wajen sau goma. Kilomita 800 ɗin ma burin da kamfanin IBM ya sa wa kansa ne a 2009, har yau ba mu ga motar ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne katod, ɓangaren da iskar ke shiga. Da kabon mai ramuka kamar soso ake yin sa. Batirin na ba da wuta, wani gari mai suna litiyam feroksaid na taruwa a ramukan, ga shi wuta ba ta ratsa shi. Wajen caji sai an matsa masa kafin ya watse, kuma da ƙarfin ya haura bolt 3.5 sai kabon ɗin kansa ya fara lalacewa. A 2012 Peter Bruce da abokan aikinsa a Jami'ar St Andrews ta Sikotland suka sa zinare a madadinsa. Bayan caji 100 batirin ya riƙe kashi 95 na ƙarfinsa, masana suka yi ta murna. Caji 100 fa, kuma da zinare! Damshi da gurɓatacciyar iska ma suna kashe batirin.

To mai son sola, tashi ka sayi wanda ke ƙasa. Nemi mai rubutun LiFePO4, shi ke jure caji dubbai. Sa a rubuta maka garanti a rasit. Ɗaga shi ka ji nauyi, jabu yakan yi sakayau. Kada ka aje shi inda rana ke duka, kada ka haɗa shi da tsohon batirin ruwa, kuma a saita inbata daidai da irinsa. Duk wanda ya ce nasa mai shaƙar iska ne, ce masa ya nuna maka ƙofar da iskar ke shiga.