Sabon inji a tsohon tiyo

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ya san ba kowace gona ruwa ke isa da ƙafarsa ba. Ruwan yana tasowa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana a ƙasashen Bunkure, Kura da Garun Malam. Mai gona a bakin kanal bututu kawai zai tsoma, ruwa ya gangaro masa. Wanda tasa take kan tudu, ko can ƙarshen layi inda ruwan ke isa a gajiye, shi dole ya nemi inji. A nan ake ganin abin takaici. Mutum ya kai tumatir Kwanar Gafan, ya haɗa kuɗinsa, ya sayo sabon inji mai inci 3 fil a kwali, ya iso gona ya tarar tiyonsa na inci 2 ne. Inji lafiyarsa ƙalau, tiyo ma bai huje ba, amma bakinsu bai zo ɗaya ba, ga kuma albasa tana jiran ruwa.

Wannan takaicin ne ke samun masu tsohuwar laftof a 'yan shekarun nan. Suna da yawa a yankinmu, kuma ba don ado suke riƙe da ita ba. Akwai sakataren ƙungiyar masu amfani da ruwa da ke ajiye sunayen manoma da kuɗin da kowa ya biya, akwai mai shagon taki da maganin feshi, da mai injin gyaran shinkafa a Kura, da ɗalibin da ke atisayen JAMB. Yawancinsu tokumbo suke riƙe da ita, HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, wadda ta shekara goma ko fiye. In ta fara nauyi, shawarar da kowa ke bayarwa ɗaya ce: cire had-dis, sa SSD. Shawarar kuwa gaskiya ce. Had-dis faifai ne da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, wata 'yar allura tana bin sa tana laluben abin da ka nema. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, don haka ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ya fi jure girgizar babur a hanyoyin cikin gonaki. Abin da ba a cika faɗa wa mutum ba shi ne, sabon zai shiga tsohon gida ne, kuma gidan yana da ƙa'idojinsa.

Baki shi ne farko. Laftof ɗin da aka ƙera kafin wajen 2006 tana amfani da tsohon baki mai suna IDE, mai allurai 44, wanda SSD ɗin kasuwa ba ya shiga ko kusa. Waɗanda suka biyo baya suna da bakin SATA, inda ake zura had-dis mai inci 2.5, kuma su ne aikinsu ya fi sauƙi. Daga nan aka shigo da 'yan ƙanana masu kama da ɗan kati, mSATA da farko, sannan M.2. A M.2 ɗin nan kuɗin mutane ya fi salwanta, domin iri biyu ne masu kama da juna a ido: akwai mai bin hanyar SATA, akwai NVMe. Mai shago zai ce maka, “Alhaji, ɗauki NVMe, shi ne na yayi,” kuma bai yi ƙarya ba, sai dai in ramin da ke cikin kwamfutarka na SATA ne zalla, ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga kwamfutar ta yi kamar ba a sa mata komai ba. Tsawo ma yana da magana. Lambar 2280 tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon 80, alhali wasu tsofaffin ba su da wurin da ya wuce na 2242.

Ko a masu bakin SATA akwai ƙananan abubuwa biyu da na ga sun sa an mayar da kaya mai kyau. Tsohon had-dis kaurinsa milimita 9.5 ne, SSD kuwa 7. Wannan ɗan bambancin kan sa SSD ya zauna da rawa a gurbinsa, ko bakinsa ya saɓa da na kwamfuta, yau a gan shi, gobe bayan an hau babur ya ɓace. Ɗan abin cike giɓi na roba ke magance shi. Na biyun, wasu kwamfutocin suna da ɗan mahaɗi da ke maƙale a bakin tsohon had-dis, har mutum ya zaci jikinsa ne. Manomi ya san wannan: in an sauya inji, sai an kwance mahaɗin da ke bakin tsohon an mayar kan sabon, in ba haka ba tiyo ba shi da inda zai kama.

Sai kuma faɗin hanya. A ce baki ya zo ɗaya, ko an samo abin rage baki an ɗaure inji mai inci 3 da tiyo mai inci 2. Ruwa zai zo, amma ba iya ƙarfin injin ba, don cikin tiyo mai inci 3 ya ninka na mai inci 2 fiye da sau biyu. SATA ma hawa uku ne. Na farko, na 2003, yana ɗaukar gigabit 1.5 a daƙiƙa, na biyu 3, na uku da ya fito a 2009 yana ɗaukar 6. SSD da aka rubuta wa gudun megabait 550 a daƙiƙa a kwali, in ya faɗa kwamfutar SATA na biyu irin Latitude E6410 ko EliteBook 8440p, wajen 270 zai tsaya. ThinkPad T61 ma BIOS ɗinta na kamfani, wato tsarin da ke fara tayar da ita kafin Windows, ya daƙile ta a hawa na farko, duk da cewa kayan cikinta za su iya na biyu. Mutum ya gwada, ya ga rabi, ransa ya ɓaci, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, kuma ni a ganina bai yi asara ba. Abin da ke sa tsohuwar kwamfuta jan ƙafa ba ƙarancin faɗin hanya ba ne, laluben allura ne. Had-dis kan ɗauki fiye da kashi goma cikin dubu na daƙiƙa kafin ya kai ga kowane ɗan guntun bayani, SSD kuwa yana yin haka cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na wannan lokacin, ga shi tashin Windows kaɗai dubban irin waɗannan guntaye yake nema. Abin da kawai zan ce, kada mai irin wannan kwamfuta ya ƙara kuɗi don sayen mafi tsada, tunda saurin da ya biya ba zai wuce ta tiyonsa ba.

Inda na fi so mai karatu ya natsu shi ne nan. An haɗa komai daidai, an ja igiya, inji ya tashi yana ruri, amma ko ɗigo bai fito ba. Sabon shiga zai ce inji ya lalace. Tsohon hannu zai buɗe murfin sama ya ɗura masa ruwa, ya duba ko iska na shiga ta wata kafa, ya sake naɗe mahaɗin da roba, sai ka ga ruwa ya feso. Sabon SSD ma fanko yake zuwa. In ka jona shi ta USB ba ka gan shi cikin jerin faifai ba, ba mutuwa ya yi ba, sai an shiga Disk Management an tsara shi tukuna. In kuma a ciki aka sa shi, a fara leƙa BIOS, da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Muddin sunansa ya bayyana a can, kaya lafiya yake, matsalar ta saiti ce.

Saitin nan guda biyu ne ke yawan tayar da hankali. Akwai yanayin da kwamfuta ke magana da faifai, IDE ko AHCI, kuma AHCI ne ya fi dacewa da SSD. Amma in an riga an sa Windows a yanayi ɗaya sannan aka juya zuwa ɗayan, shuɗin allo ne zai tare ka. A juya tun kafin a sa Windows. In aiki ya riga ya wuce, a Windows 10 akan saita ta ta tashi a Safe Mode, a juya saitin, ta tashi sau ɗaya a haka, sannan ta karɓa. Ɗayan kuma tsarin rabon faifai ne. Tsohon BIOS da MBR yake tashi, sabon tsarin UEFI da ya bazu daga 2012, zamanin Windows 8, da GPT yake tafiya. Wanda ya shirya filas ɗin sa Windows da manhajar Rufus ya zaɓi GPT don kwamfutar 2009, allo zai ce masa bai ga inda zai tashi ba. Akwai ma ɗan batir mai kamar kwabo a jikin babban bod na kwamfutar, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS. In ya mutu, kamar yadda yake yi a kwamfutar da ta tsufa, duk lokacin da wuta ta yanke gaba ɗaya saiti ya koma na asali, sai SSD da ya yi aiki jiya ya ƙi tashi yau. Alamar ita ce kwanan wata ya koma baya. Kuɗin batirin bai taka kara ya karya ba.

Game da kwashe kaya daga tsoho zuwa sabo, ra'ayina a fili yake. Wanda ya tsoma tiyo a kanal ba tare da rariya ba, laka da tarkacen kachala zai zuƙo cikin sabon injinsa. Kwafe tsohon faifai ɗungurungum yana tafiya da duk dattin shekaru, kuma in had-dis ɗin ya fara samun miki a jikinsa, aikin kan tsaya a rabi. Ga matsalar girma: wanda ya cika gigabait 300 a faifai mai 500 ba zai tura su cikin SSD mai 256 ba. Gara a sa sabuwar Windows, a sayi ɗan gidan USB a saka tsohon had-dis, a ɗebi takardu da hotuna a tsanake. Kada a goge shi sai an yi makonni ana aiki lafiya. Littafin kuɗin ƙungiya ya fi kwamfutar kanta daraja.

Windows XP da Vista ba su san TRIM ba, wato umarnin da ke taimaka wa SSD share gurbin abin da aka goge don kada ya yi nauyi, sai daga Windows 7 a 2009 aka sa shi. Ita ma Windows 7 Microsoft ya daina kula da ita a 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a 14 ga Oktoba 2025, yayin da Windows 11 ba ta karɓar yawancin waɗannan tsofaffin a hukumance. Mai shiga asusun banki da kwamfutarsa ya san da wannan, ko ya duba Linux Mint a madadin Windows. Haka nan, in ram ɗinta gigabait 2 ne, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka tana zafi, SSD ba zai warkar da wannan ba.

Roƙona ga mai shirin shiga Kano, ko Farm Centre ko titin Beirut: kada ka tafi da sunan “HP” kawai a baki. Juya kwamfutar ka rubuta cikakkiyar lambar samfurinta, ko ma dai ka ɗauke ta ka tafi da ita, a buɗe a gabanka, a sa, ka ga sunansa da girmansa a BIOS kafin ka biya, ka kuma karɓi rasit, don jabu mai ƙaryar girma yana yawo. Ku ma masu shago, ku riƙa tambayar wace kwamfuta za a sa wa kafin ku miƙa kaya, mutumin Bunkure ba zai iya zirga-zirgar canji a tsakiyar ban ruwa ba. Laftof mai bakin SATA da ram gigabait 4 ko fiye ta cancanci SSD ko da ta 2010 ce. Mai bakin IDE kuwa, a bar kuɗin a aljihu, a tara a sayi wata.