Hannun Wa Ke Riƙe da Askar?

A Tambuwal da Kebbe ba a tambayar wanzami takardar shaida. Abin da ake tambaya shi ne, ɗan gidan wa? Sana'ar gado ce, tana da shugabanta, Sarkin Aska, wanda ake kai wa ƙara idan aski ya koma rauni.

Yaro da ɗaukar zabira yake farawa. Shi ke jiƙa kai, ya wasa aska, ya wanke ƙahoni, ya danne ƙafar wanda za a yi wa kaciya. Zai daɗe yana kallo kafin a ba shi kan babba ya aske, ya ƙara daɗewa kafin a yarda ya zubar da jinin wani. Duk yinin yana cikin aikin dumu-dumu, amma wurin da kuskure ba ya gyaruwa, maigida ne ke karɓar askar.

Je ka gidan suna a Dogondaji ko Kuchi ka tsaya bayan wanzami da safe. Jaririn kwana bakwai ne a hannun wata dattijuwa, fatar kansa ko tauri ba ta yi ba. Wanzami zai miƙar da fatar da babban yatsan hagu, ya kwantar da askar har ta kusa mannewa da kan, ya riƙa ja kaɗan-kaɗan. Da ya iso maɗiga, inda ƙashi bai haɗe ba, kana ganin wurin yana bugawa, sai hira ta tsaya. Dattijuwar nan ba gashin da ke zuba take kallo ba, wuyan hannunsa take kallo. Haka wurin ƙaho: gwani jarfarsa gajeru ne, zurfinsu ɗaya, bayan kwanaki da ƙyar ka ga tabo. Wanda hannunsa bai faɗa ba kuwa, bayan mutum zai yi ta shelarsa har abada.

Ba duk abin da ke cikin zabira nake yabo ba. Cire beli ya jawo wa jarirai zubar jini, shi ya sa likitoci ke hana shi, kuma aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce ta ciwon hanta. Wanzamin da ke ɓare sabuwar reza a gabanka ya fi wanda ke taƙama da askar kakansa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne tallan dashen gashi da ke yawo a wayoyin masu sanƙo, galibi daga asibitocin Istanbul a Turkiyya. Aikin ba sabo ba ne. Likita Okuda na Japan ya yi rubutu a kansa a 1939, Norman Orentreich na Amurka ya nuna a 1959 cewa gashin ƙeya yana ci gaba da tsiro ko an mayar da shi gaban goshi. A 2002 William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana hanyar da ake yayi yanzu, wato ciro saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya da ɗan bututun ƙarfe mai kaifi, wanda faɗinsa kusan milimita 1 ne.

A cirar nan gwaninta take. Saiwar tana ƙarƙashin fata, ba a ganinta, kuma ba lalle ta bi inda gashin ya karkata a waje ba, balle gashinmu mai murɗewa. Bututu ya kauce kaɗan, ya yanke ta. Manomin fadama ya san wannan: irin albasar da saiwarsa ta tsinke wurin cira, ko an dasa an yi ban ruwa, asara ce. Inda aka cire kuma ba ya sake tsirowa, don haka mai haɗama zai bar ƙeya fayau. Kewaye da mai cirar akwai masu zaro saiwoyin da hantsaki, da masu dubawa a madubin likita su ƙirga su ajiye cikin ruwan gishiri mai sanyi, da masu dasawa. Kowa da aikinsa, kamar yaran wanzami.

Sai dai mai sanƙo a kife yake kwance, an kashe masa fatar kai da allura, bai san wa ke bayansa ba. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta sha kokawa cewa a wasu wuraren likita sunansa kawai ke jikin allo, yankan kuwa ma'aikatan da ba su da lasisi ke yi. Sakamakon ba ya bayyana sai an kusa shekara, lokacin mutum ya daɗe da komowa gida, ba Sarkin Askar da zai kai wa kuka.

Idan ka ƙudura tafiya, kafin ka biya ko sisi ka nemi sunan wanda zai yi cirar da hannunsa, ka ji ko likita ne, ka tambayi mutum nawa yake yi wa aiki a rana. Sannan ka ce a nuna maka hoton ƙeyar waɗanda ya yi wa aiki, an aske ta ƙwal, ba hoton goshi kaɗai ba.