Maroƙi Ba Ya Kashe Jita-jita

A watan Afrilun 2023 hukumomin lafiya a Taiwan da Malesiya suka ce sun gano wani sinadari mai haddasa ciwon daji a cikin wani nau'in Indomie. Kafin a ce kwabo saƙonnin murya sun karaɗe wayoyi, har teburin mai shayi a Zango sai da aka yi gardama a kai. Taliyar da ake magana a Indunusiya aka yi ta, tamu kuwa kamfanin Dufil ke yi a Ota da Fatakwal da Kaduna. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta gwada ta gida, ta ce ba ta ga sinadarin ba. Sai dai waɗanda suka yi gaggawar tura tsoron ba su damu da tura sakamakon ba.

Irin wannan rana ake yi wa tanadi da abin da ake kira hulɗa da jama'a, kuma a nan ne 'yan kasuwarmu ke ba ni haushi. A wajen yawancinsu, aikin shi ne a ɗauko mawaƙi ya wasa Alhaji, a buga kalanda da hotonsa, a miƙa wa ɗan jarida ambulan. Wannan roƙo ne. Kowa ya san maroƙi wanda ya ba shi yake yabo, shi ya sa ba mai sayen sa don an yi wa mai shi kirari.

Mutumin Zango bai kamata a koya masa wannan ba, tunda sunan garinsa ma masaukin fatake ne. Baƙo ya sauka, ya damƙa wa fatoma dukiyarsa babu takarda, don a bara bai ci amanarsa ba. Je ka kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ka dubi dillalin da ke gaya wa mai saye aibin dabba kafin a ƙulla ciniki. Yau ya rasa la'ada, amma ranar da aka yi masa ƙazafi masu kare shi sun fi ƙarfin lissafi. Suna kamar yaɓen katanga yake: da rani ake yi, ba sa'ad da hadari ya haɗo ba. Kamar rumbu kuma, abin da ka zuba da kaka shi za ka ɗiba da bazara.

Ga misali daga waje: a 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Shikago ta Amurka bayan wani ya zuba guba a ƙwayoyin Tylenol. Laifin ba na kamfanin Johnson & Johnson ba ne, duk da haka ya janye kwalabe kusan miliyan 31, ya gargaɗi jama'a da bakinsa, sannan ya dawo da maganin da marufin da ake ganewa in an taɓa shi. Kasuwarsa ta farfaɗo.

A Najeriya tun 1990 doka ta amince da cibiyar masu sana'ar hulɗa da jama'a, NIPR, amma ofisoshin gwamnati da yawa har yau musantawa kawai suka ɗauka shi ne aikin jami'in yaɗa labarai, 'yan kasuwa kuma daga can suke kwaikwayo. A ce an yaɗa cewa ruwan ledar wani na sa gudawa. Mafi sauƙi ya buɗe ƙofa, ya gayyato mai unguwa da liman da malamin tsafta su leƙa tankinsa, su ga lambar rajistarsa. Maimakon haka sai ka ji ya tafi caji ofis neman wanda ya fara tura saƙon, washegari kuma har waɗanda ba su ji labarin ba sun ji.