Yadda A Ke Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya

Duk wanda ya bi ta Kawo a Kaduna ya san Sakatariyar Tarayya, inda ma'aikatu ke da rassansu. Amma kaɗan ne suka san yadda mutum ke samun kujera a cikinta, shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wa malamai da akawuna.

A zamanin En'e, Sarki da majalisarsa ke ɗaukar ma'aikaci, su ke sallamarsa. Na Tarayya kuwa yana hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, wadda aka kafa a 1954, mazauninta yanzu Abuja. Tun bayan binciken Udoji na 1974 aka jera ma'aikata hawa-hawa, daga mataki na 1 zuwa na 17. Daga na 7 zuwa sama Hukumar ce ke ɗauka da kanta, na ƙasa kuwa ta bar wa ma'aikatu. Mai digiri yakan fara daga mataki na 8. Kafin a ɗaga shi sai ya shekara uku ya kuma ci jarrabawa, in ya kai na 15 sai ya jira huɗu. Ko ya ci, in babu gurbi a sama, haƙuri zai yi. Minista yakan zo ya tafi, amma Babban Sakatare shi ke riƙe da fayil da lissafin kuɗi. Ma'aikaci yakan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki.

Abin da ya fi shafarmu shi ne rabon gurabe. Sardauna ya ga ofisoshin Kaduna cike da baƙi, sai ya dage a kan a horar da 'yan Arewa a Makarantar Koyon Mulki ta Zariya su gaje su. A 1996 aka kafa hukumar da ke lura kada wata jiha ta kwashe gurabe, tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar da ita. To, amma doka ba ta cika wa kowa takarda. Sau da yawa akan yi shelar aiki, wa'adi ya wuce yaranmu ba su ji ba, waɗansu kuma su kai wa dillali kuɗi alhali takardar neman aikin kyauta ce. Lalle malamai su riƙa karanta wa ɗalibansu irin wannan shela, su kuma ga kowa ya ajiye takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, gama da ita a ke lissafa shi cikin rabon jiharsa.